Rawaya a Dajin Gwaska, Jiya da Yau

A ƙasar Birnin Gwari, furen da ya fi kowanne ɗaukar ido ba da damina yake fitowa ba. Sai an gama kaka, dawa da masara sun shiga rumbu, iskar hunturu ta busar da gamba da tofa, wuta ta bi ta lashe daji ta bar shi baƙi ƙirin. Ba a jimawa, ba tare da sama ta zubo ko ɗigo ba, sai furanni su ɓullo daga cikin toka, a manne da ƙasa, babu ganye babu kara. Faɗin kowanne yakan kai santimita 6 zuwa 9, ruwan ɗorawa mai sheƙi, da gashi-gashi cunkus a tsakiya inda ƙudan zuma ke turmutsitsi tun da hantsi. Rawaya ke nan. Duk wanda ya tashi a Gwaska ko Doka, ko can wajen Kuyello da Dogon Dawa, ya san ta tun kafin a kai shi makarantar allo.

Abin da ido ke gani kaɗan ne daga cikinta. Ainihin rawaya a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwa ce mai kauri, mai taurin itace, in ka sare ta ka ga cikinta ja-ja da sirkin ɗorawa, launin kuma ya kama maka hannu. A nan take ɓoye abinci da ruwan da ta tara da damina, shi ya sa wuta ba ta iya mata komai, abin da ke sama kawai take ci ta wuce. Furen in ya zube yakan bar ƙwanso, ƙwanson ya bushe ya tsage, ya saki ƙananan 'ya'ya a naɗe cikin farar auduga, iska ta kwashe. Sai ruwa ya sauka sannan take fitar da rassa da ganye mai yatsu, tsayinta bai cika wuce cinya ba, ta saje da sauran ciyayi har mai wucewa ba zai ce ita ce ta ƙawata dajin da rani ba. Masana tsirrai suna kiran ta Cochlospermum tinctorium. Tana da 'yar'uwa, Cochlospermum planchonii, mai tsayi har ƙirjin mutum ko fiye, wadda furenta a kan rassa yake fitowa wajen ƙarshen damina. Mu dai duka rawaya muke ce musu. Likitan nan ɗan ƙasar Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya sa ta a cikin littafinsa tun a wancan lokaci.

Saiwar ce dukiyar. Da ita ake rina zare da kaba, a haɗa ta da baba a sami kore. Ana zuba garinta a man kaɗe ya yi launi. Babban aikinta dai magani ne, musamman na shawara da zazzaɓi. In idon yaro ya canja launi, jikinsa ya mutu, abin da za ka fara ji a tsakar gida shi ne a nemo rawaya a jiƙa. Ba mu kaɗai muka san haka ba. A Burkina Faso ana dafa saiwar 'yar'uwar tata mai tsayi, suna ce mata N'Dribala, har aka gwada ta a Banfora kafaɗa da kafaɗa da kulorokwin a kan masu zazzaɓin cizon sauro marar tsanani, aka buga sakamakon a 2003, kuma bai ba da kunya ba. Masu binciken haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su ma sun yi aiki a kan saiwar. Sai dai dole in faɗa, domin rai ba abin wasa ba ne: yau mun san cewa shawara alama ce, wani lokaci ta ciwon hanta mai kisa, kuma wanda idonsa ya canja gwajin jini yake bukata kafin komai.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, tana cikin matan da ake zuwa wurinsu neman ganye. Da rani, lokacin da fure ya tona asirin inda saiwa take, takan ɗauki dagi da ƙwarya, mu jikoki mu bi ta a baya. Ba ta taɓa yarda a tumɓuke gindi ɗungurungum ba. In ta ga ɗayanmu ya dage yana ja da ƙarfi sai ta ce, "Kai ɗan nan, sassauta. Yanki gefe ɗaya ka mayar da ƙasa ka take. Baɗi ma muna so." Gindin da aka taɓa bana ba a komawa masa baɗi, sai a nemi na gaba. Ta san wuraren da rawaya ke taruwa ɗaya bayan ɗaya: kan marmara, gefen dutse, tsakuwar da ko gero ba ya so, da tsofaffin saurukan da aka bari suna hutawa. Ba ta shuka ko gindi ɗaya ba a rayuwarta, amma duk wanda ya ga yadda take zagaya su ya san tana kiwon su ne.

Rawaya ba ita kaɗai ke sa rani ado ba. Cikin ɗari madobiya kan zubar da ganye tas, sannan ta lulluɓe kanta da fure ruwan ɗorawa tun daga ƙananan rassa har ƙololuwa, ana hango ta daga nesa a tsakanin doka da baushe da maje. Masu amya sun san darajar wannan lokaci. Fulani kuma, in ta yi toho, sukan hau su sassaro wa shanu ganyenta a lokacin da babu ciyawa a ƙasa. Da zafi ya fara shigowa sai marga ta karɓa, zangarnun furenta suna reto. Tun daga ƙarshen damina har gab da saukar ruwa, dajin ba ya rabuwa da wannan launi, wani ya sauka wani ya hau, kuma manomi yana karanta shekara a jikinsu.

'Yar ƙanwata da ke karatu a Ingila ce ta dawo mini da tunanin rawaya. Ta turo hoton wani fure daga lambun gidan da take zaune, ta rubuta a ƙasa, "Kawu, wannan bai tuna maka da gida ba?" Na ce mata launin dai namu ne, sauran kamannin ba namu ba ne. Ta ce abin da ya ba ta mamaki, mai gidan ba ta ba shi ruwa, ba ta sa masa taki, kuma duk shekara sai ya dawo.

Akiliya ake ce masa, dangin tazargade ne, ganyensa a tsattsage, in ka murza ka ji ƙamshi mai yaji-yaji. Ƙananan furanni ne masu ɗimbin yawa suke haɗuwa a kan kara ɗaya, su shimfiɗu kamar faifai. Mai farin fure yana fitowa da kansa a makiyaya da gefen hanya a Turai da Asiya da Arewacin Amurka, kuma tun zamanin da can ake sa ganyensa a rauni don tsai da jini. Masanin nan ɗan Suwidin, Linnaeus, shi ya raɗa wa dangin suna a 1753, da sunan jarumin Girkawa Akilis wanda aka ce ya yi wa mayaƙansa magani da shi. Dogon mai ruwan ɗorawa kuwa, wanda kan wuce mita ɗaya, asalinsa busassun tuddan Kokasus ne da Iran da Afganistan da tsakiyar Asiya. Ciyawar daji ce a can. Masu lambu suka ɗauko ta, suka yi ta aurar da wannan da wancan suna zaɓen wanda ya fi. Akwai wanda aka sa wa suna Coronation Gold don tunawa da naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953, akwai Moonshine, gajere mai ganye ruwan toka, wanda Alan Bloom ya fitar a lambunsa na Bressingham a shekarun 1950. Har yau ana sayar da su da waɗannan sunaye.

Kulawar da yake so ita ta fi tsaya mini a rai. Rana yake so tun safe har yamma, in aka sa shi a inuwa sai ya yi ta miƙewa ba ƙarfi. Ƙasa kuma wadda ruwa ba ya kwana a cikinta, ko da tsakuwa ce. Abin da ke kashe shi shi ne kyautatawar da ta wuce kima: taki mai yawa ya sa shi tsayi da laushi har iska ta kwantar da shi, danshin da ba ya tsanewa ya ruɓar da saiwar. A shekarar farko ne kawai ake shayar da shi har ya kama, daga nan ya iya da fari. Ana barin kamar rabin mita tsakanin gindi da gindi domin iska ta ratsa. Furen da ya gaji a yanke shi, sau da yawa wani ya sake fitowa. In sanyinsu ya zo sai saman ya mutu, a share, saiwa ta kwanta ta jira. Bayan shekara uku ko huɗu gindin yakan cushe, tsakiyarsa ta tsufa ta daina fure, sai a tono shi gaba ɗaya, a raba, a yar da tsakiyar, a sake dasa na gefe-gefe, ragowar a ba maƙwabta. Ta haka gindi ɗaya ke zagaye unguwa.

Ba ina kiran kowa ya nemo irin akiliya ya kawo Gwaska ba. Zafi da danshin markarmu ba nasa ba ne, kuma ba mu rasa fure ba balle mu yi aro. Abin da na gani shi ne halinsa da na rawaya ɗaya ne: dukansu 'ya'yan busasshiyar ƙasa ne marar daɗi, dukansu ƙarfinsu a saiwa yake, saman ya mutu su dawo. Inda suka rabu, wani ya sunkuya ya ɗauki akiliya ya kai ta gida, ya lura da abin da take so, ya koya wa na bayansa. Rawaya ba wanda ya yi mata haka.

Ban ga laifin kakanninmu a nan ba. Ba a sayen abin da ke bakin ƙofa. Su ma sun san shuka mai dawwama: a bayan ɗakin kowace tsohuwa akwai zogale da lalle da shuwaka, da ɗoɗɗoya a inda ruwan wanke-wanke ke bi. A gona ba a sare ɗorawa da kaɗe da tsamiya, ana noma a zagaye su, ana gādonsu kamar yadda ake gādon gonar. Abin da suka kawo gida shi ne abin da suka ga bukatar kawowa. Rawaya kuwa tana nan birjik, tafiyar da ba ta kai a ɗauki guzuri ba. Mutane kaɗan ne, daji ba iyaka. Tun 1936 aka keɓe wani yanki a matsayin gandun daji na En'e, wanda a 1999 ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, kogin Mariga ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. A wancan zamani giwaye na ratsawa tsakaninsu, akwai gwanki da kanki da gadu. A wajen gandun ma gona takan yi 'yan shekaru ana noma ta, in ta gaji a bar ta ta huta a sassabe wata. A cikin waɗannan saurukan ne rawaya ta fi samun sakewa.

Har wutar ma da tsarinta. Toyin farko, wanda ake yi tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, wuta ce mai sauƙi, tana tafe tana tsallake wurare, ta share ƙasa ta bar ƙananan itatuwa da ransu. Wutar da ta makara har Fabrairu ko Maris ita ce mai ɓarna. Dattawa sun san wannan, kuma ma'aikatan daji sun tabbatar da shi: tun 1929 aka ware filaye uku a Olokemeji a ƙasar Yarabawa, ɗaya ana ƙona shi da wuri, ɗaya a makare, ɗaya ba a ƙona shi sam. Da shekaru suka tura, wanda ake ƙonawa a makare ya koma ciyawa da itatuwa jefi-jefi, na wuri ya riƙe itatuwansa, wanda aka kare ya rufe ya zama kurmi. Rawaya 'yar tsakiya ce. In daji ya rufe ba ta samun rana, in aka mai da shi fako ba ta samun hutu. Hannun mutum na cikin abin da ya raya ta, ko da mutumin bai san yana yi ba.

Canjin farko bai zo da ƙara ba. Mutane suka ƙaru, masara ta zama amfanin sayarwa, takin zamani ya sa aka daina barin gona ta huta. Ƙasar Birnin Gwari ta yi suna wajen masara, manyan motoci suna lodi zuwa Kaduna da Funtuwa da kudu, kuma babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da wannan, don da kuɗin masarar aka yi rufin kwano, aka sa yara makaranta, aka je Makka. Amma fartanya da garmar hannu suna da iyaka, sukan yanke saman rawaya su bar saiwar. Garmar shanu da tarakta sukan tono ta su kife wa rana. Daga baya maganin feshi ya shigo, ya kuma zauna daram, domin ya sauƙaƙa wa manomi wahalar da ta fi kowace wahala, wato noman ciyawa. Maganin iri-iri ne. Akwai mai ƙona ganye kawai, wannan rawaya ta saba da irinsa tun daga wuta. Akwai kuma wanda ganye ke sha ya gangara da shi har saiwa, irin su gilaifoset, wanda ake fesa wa ciyayi masu dawowa irin su tofa. Ba ya bambance tofa da rawaya. Dabarar da ta kare ta daga wuta tun fil azal, wato tara komai a saiwa, ita ce hanyar da maganin ke bi ya same ta. Mai feshi kuma ba ya tsayawa a kunyar ƙarshe, yakan haɗa da iyakar gona da gefen turba da gindin suri, wuraren da a da su ne mafakar tafasa da rama da lalo da sauran ganyen da mata ke tsinka ba da kuɗi ba. Na tabbata yawancin masu feshin ba su taɓa lura ba, don da damina rawaya ba ta da fure, ciyawa ce cikin ciyayi.

Madobiya ita kuma zarto mai inji ne ya same ta. Daga wajen 2013 kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ta buɗe baki ga katakonta, wanda 'yan katako ke kira madrid, aka bi dazuzzukan Najeriya jiha-jiha ana sarewa ana cika kwantena. A 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, amma itacen da ya shekara hamsin yana girma ba takarda ke mayar da shi ba. Abin da 'yan katako suka raina, masu gawayi suka ƙarasa. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ya ga buhuna jere a bakin titi.

Sannan bindiga ta zo. Da satar shanu aka fara, Fulanin da muka tashi tare, waɗanda matansu ke kawo nono suna musayar sanin ganye da su Iya, suna cikin waɗanda aka fara talautawa. Daga nan sai tare hanya, sai ɗaukar mutane don kuɗin fansa, sai sa wa ƙauyuka haraji kafin a yi shuka da kafin a yi girbi. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, ya sha fitowa ya faɗa wa duniya halin da talakawansa ke ciki. Ranar Asabar 5 ga Mayu, 2018, 'yan bindiga suka afka wa Gwaska da rana tsaka, suka kashe fiye da mutum 40, har da yara, suka cinna wa gidaje wuta. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Waɗanda suka tsira suka watsu, wasu Birnin Gwari, wasu Kaduna, wasu inda dangi suke. Ina jin nauyin kawo zancen fure kusa da zancen waɗannan rayuka, kuma ba ina auna su a sikeli ɗaya ba ne. Na kawo shi ne don dajin da aka ƙwace ba wurin noma ne kaɗai ba. Shi ne kantin magani, shi ne makarantar da ake koyon maganin.

Gonakin da aka gudu aka bari sun koma saura, kuma saura gidan rawaya ne, don haka a wurare da yawa tsiron ya sami hutun da ya daɗe bai samu ba. Abin da ya yanke shi ne sawun yarinyar da ke bin kakarta da ƙwarya. Sanin ganye ba a zaune ake ba da shi ba. Sai an je, an nuna maka da yatsa, ka tona, an kwaɓe ka, ka ga gindin da rani ka kuma gane shi da damina. Yaron da aka goya aka gudu da shi, ya girma a ɗakin haya a Rigasa ko a cikin garin Birnin Gwari, in ya san rawaya to guntayen busasshiyar saiwa ya sani a tiren 'yar mai ganye. Ita ma 'yar mai ganyen saye take yi daga hannun wanda ya yi kasadar shiga daji. Wanda kuwa ya shiga da tsoro, yana tona yana waiwaye, ba shi da lokacin yankar gefe ɗaya ya mayar da ƙasa. Zai tumɓuke duk abin da ya samu, don bai san ko zai sake dawowa ba. Ladabin da Iya ta koya mana ladabin mai kwanciyar hankali ne, wanda ya tabbata baɗi zai taka wurin.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar shanun da ta shafe shekaru a rufe. Motoci suka dawo hanya, manoma suka fara leƙa gonakin nesa. Muna roƙon Allah ya ɗorar. Amma mutumin da ya yi shekaru yana sayen hatsi da mudu, ga bashi ga iyali, in ya koma gonarsa da gatari da jarkar feshi zai koma, kuma ba mai iya ce masa don me. Saurukan da suka farfaɗo za a sassabe su cikin damina biyu ko uku. Shi ya sa nake ganin in za a kai rawaya gida, yanzu ne, tun tana da yawa, tun kuma akwai sauran tsofaffin da za su nuna ta.

Abin da masu lambun akiliya suka koya zai yi mana amfani a nan, domin kuskuren da za a fara yi shi ne a dasa ta inda ake dasa zogale da ɗoɗɗoya, a bakin magudanar ruwan wanka. Can ba wurinta ba ne. A duba inda take zaɓa da kanta a daji, a ba ta irinsa: tudu, tsakuwa ko jar ƙasa, inda rana ke duka, inda ruwan marka ke gangarewa ba ya tsayawa. Kusurwar gidan da aka ce ba ta yin komai, ita ce tata. Ba ta bukatar taki, ba ta bukatar ban ruwa da rani, don ranin ne lokacin aikinta. Abin da take bukata shinge ne saboda awaki. Ana iya ɗauko ɓangaren saiwa mai ido gab da saukar ruwa, a bar uwar a inda take, a binne ɓangaren ba da zurfi ba. Ana iya bi ta iri, sai dai 'ya'yan suna da taurin ɓawo, don haka a cire audugar, a ɗan goga su a kan dutse ko a jiƙa su a ruwan zafi kafin a shuka a leda. Wanda ya bi ta iri sai ya yi haƙuri, saiwar ba a shekara ɗaya take kauri ba. In kaka ta wuce rassan suka bushe, a yanke su ƙasa-ƙasa. Mai fili nesa da danni da rumbu yana iya watsa ɗan yayi a kai ya ƙona, ya yi mata abin da ta saba.

Akwai masu ilimin da za su iya rage wa mutane wahalar gwaji. Cibiyar Binciken Dazuzzuka ta Najeriya tana da tasha a Samaru, akwai kwalejin aikin daji a Afaka, ga ma'aikatan gandun Kamuku da suka san dajin ciki da bai. Wuraren renon dashe a Arewa sun cika da darbejiya da turare da mangwaro, kuma duk suna da amfani, amma layi ɗaya na rawaya da marga da madobiya ba zai rage su da komai ba. Makarantun firamare da ake sake buɗewa a ƙauyuka suna da fili, kuma hutun rani ba zai kashe abin da ba ya neman ruwa ba. Masu sayar da furanni a bakin titunan Kaduna da Abuja kuwa, waɗanda yawancin kayansu baƙi ne masu shan ruwa kullum, da za su gwada fure mai buɗewa a tsakiyar hunturu ba tare da bokiti ba, ina jin da sun sami masu saye.

Ga manomin da ya koma gona, abin da nake roƙo bai kai wannan yawa ba. Da rani, lokacin da furen ya fito, ya zagaya ya ga inda gindayen suke, ya kafa turke ko ya jera duwatsu. Ƙwansunan sukan nuna kamar wata guda bayan fure, sai ya sa yara su tsinko kafin su tsage. In damina ta zo ya goya jarkar feshi, ya bar faɗin kunya biyu a iyakar gona da kewayen turakun nan, ya nome su da fartanya.